Makirfo Mai Bawul: Yadda Ake Haɗa Shi da Yadda Ake Gano Cutarsa

Gabatarwa

Garin Jibiya yana yamma da birnin Katsina, a kan hanyar da ta ratsa iyaka a Magama, ta shiga Ɗan Isa ta Jamhuriyar Nijar, ta zarce Maraɗi. Duk wanda ya ci kasuwar garin ranar Lahadi ya san yadda muryoyi ke gasa da juna: ga mai tallar magani da lasifikarsa, ga 'yan kamasho suna kiran fasinja, ga ladan idan azahar ta yi. Yawancin waɗannan muryoyi ta cikin makirfo suke bi, kuma galibi irin makirfon nan ne mai maganaɗisu, wanda ke jure faɗuwa da ƙura da zafin rana, ba ya kuma bukatar a ba shi wuta.

Akwai wani makirfo dabam da ba a fita da shi kasuwa. Shi ne na ɗakin ɗaukar murya, wato situdiyo, wanda ake kira mai kwandansa, musamman irin na da mai ɗauke da bawul a cikinsa. Sabonsa yana da tsada ainun, shi ya sa masu sha'awar lantarki a ƙasashe da dama suke sayen kayansa su haɗa da hannunsu. Ƙwararren mai gyaran rediyo a Jibiya ko Katsina ko Maraɗi zai iya yin haka. Sai dai sau da yawa akan gama haɗawa, a kunna, maimakon murya sai a ji gurnani ko huci. Wannan darasi zai bayyana dalili. Abin da ya kamata ɗalibi ya riƙe tun farko shi ne, aikin makirfon gaba ɗaya ya rataya ne a kan wani ɗan cajin lantarki ƙanƙane ƙwarai, kuma akasarin cututtukansa ɗayan biyu ne: ko cajin ya zurare, ko wata baƙuwar ƙara ta shigo ta danne shi.

Taƙaitaccen Tarihi

Bawul wata 'yar kwalba ce da aka zuƙe iskar cikinta, aka jera wasu ƙarafa a ciki. John Ambrose Fleming na Ingila ne ya ƙirƙiro shi a 1904, sannan a 1906 Lee de Forest na Amurka ya ƙara masa wata 'yar raga, wadda daga baya aka gano tana sa shi ƙara wa raunanan saƙonni ƙarfi. A 1916 E. C. Wente, shi ma a Amurka, ya fito da makirfo mai kwandansa. Georg Neumann ya kafa kamfaninsa a Balin ta Jamus a 1928, ya shiga ƙera irin wannan makirfo don sayarwa. A ƙarshen shekarun 1940 kamfanin ya fito da samfurin U47, a 1953 kuma kamfanin AKG na ƙasar Ostiriya ya fito da C12. Har yau waɗannan biyun ne masu haɗa makirfo a gida suka fi kwaikwayon tsarinsu.

A wancan zamani ne muryar Hausa ta bazu a iska. Sashen Hausa na BBC ya fara aiki a 1957, Rediyon Nijar a 1958, gidan rediyon Kaduna kuma a 1962, lokacin da bawul ne ke cikin mafi yawan na'urorin watsa labarai da akwatunan rediyo na gidaje. Ta irin waɗannan tashoshi ne waƙoƙin Alhaji Mamman Shata da na sauran makaɗa suka riƙa ƙetare iyaka ba tare da an tambaye su fasfo ba. Taransisto, wanda aka ƙirƙiro a 1947, shi ne ya ture bawul sannu a hankali, domin ya fi ƙanƙanta, ba ya zafi, kuma batir ya ishe shi. Duk da haka bawul bai mutu ba. Ana ƙera shi har yanzu a Rasha da Sin da Silobakiya, saboda makaɗa da masu ɗaukar murya da yawa suna son irin taushin da yake sa wa sauti.

Yadda Yake Aiki

Makirfon yana da sassa huɗu: ƙoƙo, da bawul, da ƙaramar taransifoma, da akwatin wuta.

Ƙoƙo shi ne kunnen makirfo. A cikinsa akwai tantanin roba da aka ɗaure tamau kamar na kalangu, aka shafa masa ruwan zinariya don ya ɗauki lantarki. Kaurin tantanin bai wuce maikiron 6 ba, alhali gashin kan mutum yakan kai wajen maikiron 70. Bayan tantanin akwai farantin tagulla mai hujoji, tsakaninsu kuwa tazarar da ba ta kai kaurin gashi ba. Ƙarfe biyu da ke fuskantar juna ba su haɗu ba, shi ake kira kwandansa, kuma aikinsa tara caji. Akan ɗora wa ƙoƙon wuta ta kimanin bolt 60. Idan murya ta bugi tantani, sai ya riƙa matsowa yana ja da baya. Da yake cajin ba ya samun damar fita da sauri, sai ƙarfin wutar da ke tsakanin ƙarafan biyu ya riƙa hawa da sauka daidai da kaɗawar muryar. Wannan hawa da sauka shi ne saƙon, kuma yawanci 'yan kashi kaɗan ne cikin dubu na bolt ɗaya.

Ga lissafin da zai nuna ƙanƙantar abin. Ƙoƙo yakan ɗauki kimanin fikofarad 70. Idan aka ninka wannan da bolt 60, cajin zai kama kashi 4.2 cikin biliyan na kulom ɗaya. Batirin wayar hannu mai lamba 4000 kuwa yana riƙe da kulom 14,400, wato ya ninka cajin ƙoƙon fiye da sau tiriliyan 3. Abin da bai fi wannan ba, ɗigon gumi ya isa ya kwashe shi.

Saboda haka ba a iya jona ƙoƙo kai tsaye da na'urar ɗaukar murya, domin doguwar waya kaɗai za ta shanye saƙon. A nan bawul ke shigowa. A tsakiyarsa akwai zaren da ke yin ja idan an ba shi wuta, ya gasa wani ƙarfe mai suna katod, shi kuma ya riƙa sakin ilektoron. Akwai faranti mai babbar wuta da ke janyo su. Tsakanin katod da faranti akwai ragar nan ta de Forest, ita ake jona wa ƙoƙo. Wanda ya ga yadda ake sakin ruwa daga madatsar ruwa ta Jibiya zuwa gonakin rani zai gane aikin ragar: mai juya ƙofa ba shi ke ɗauko ruwan ba, ɗan motsin hannunsa ne ke ƙayyade yawan abin da zai wuce. Haka raga take ƙayyade ambaliyar ilektoron, ba tare da ta ci komai daga cajin ƙoƙo ba.

Daga faranti saƙon yakan bi ta wata kwandansa da ke tare babbar wuta, ya shiga ƙaramar taransifoma. Ita ke sauke shi, sau da yawa da kimanin kashi 10 zuwa 1, ta mayar da shi irin wanda zai iya doguwar tafiya a waya biyu da aka murɗe tare cikin rigar ƙarfe. Akwatin wuta kuwa a waje yake. Yana karɓar wutar gari, ya mayar da ita miƙaƙƙiya, ya aika iri biyu ta kebul mai bakuna da yawa: bolt 6.3 don zaren bawul irin EF86, da babbar wuta ta faranti, wadda takan kama daga bolt 105 zuwa wajen 210, gwargwadon tsarin da aka bi.

Haɗawa

Ƙoƙo sayensa ake yi, domin tazarar da ke cikinsa ta fi ƙarfin kayan aikin rumfar gyara. Sauran kuwa ana iya haɗa su. Jikin makirfo bututun ƙarfe ne, kansa ragar ƙarfe, kuma dole jiki da raga su haɗu sosai, a jona su da wayar ƙasa. Wannan rigar ƙarfe ita ke hana filin lantarkin da ke cikin ɗaki isa ga ƙoƙo. Fenti ko tsatsa a mahaɗar jiki da kai ya isa ya ɓata kariyar.

Wuri mafi haɗari a duk aikin shi ne mahaɗar da wayar ƙoƙo da ƙafar ragar bawul da babbar rasista suka gamu. Rasistar nan takan kai om miliyan 100 ko fiye, har zuwa biliyan ɗaya. Dalilin girmanta shi ne, ita da ƙoƙo su ke yanke mafi kaurin sautin da makirfo zai iya ji. Kunnen mutum yana jin kaɗawa daga haz 20 zuwa 20,000. Da ƙoƙo mai fikofarad 70 da rasista mai om miliyan 100, makirfon zai ji har ƙasa zuwa wajen haz 23. Da za a sa mai om miliyan ɗaya, da iyakar ta hau zuwa wajen haz 2,300, wato kaurin murya duka ya tafi, sai ɗan siririn amo kamar na sauro. To, datti ko danshi a kan wannan mahaɗa tamkar ƙaramar rasista ce da aka liƙa ba da sani ba. Shi ya sa ake barin mahaɗar a rataye a iska ko a ɗora ta a kan ƙusar Teflon, a gajarta wayoyinta, a wanke ragowar man dalma da sifirit mai tsabta, sannan kada yatsa ya sake taɓa ta.

Bawul kuma a zaunar da shi a kan roba mai taushi don kada girgiza ta kai gare shi. Wutar zarensa ta zama miƙaƙƙiya, tatacciya. A akwatin wuta a sa fis, a sa rasistar da za ta riƙa zubar da cajin manyan kwandansa bayan an kashe. A gwada akwatin shi kaɗai da mita kafin a jona makirfo, domin bakin kebul ɗaya da aka juya zai iya aika babbar wuta cikin zaren bawul ya ƙone shi nan take.

Gargaɗi

Wannan aiki ba na ɗalibi shi kaɗai ba ne. Wutar da ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na amfiya ba tana iya rikita bugun zuciya idan ta ratsa ƙirji, kuma kwandansa takan riƙe cajinta bayan an zare filogi. Kafin a sa hannu, a zubar da cajin ta hanyar rasista mai om 100,000. Kwandansa mai maikirofarad 47 za ta ɗauki kusan rabin minti, sannan a auna da mita a tabbatar. Kada a gama bakunanta da sukundireba. Idan ya zama dole a yi awo wuta na kunne, a yi da hannu ɗaya, da takalmi a ƙafa, a busasshen wuri, kuma da malami a tsaye. Ɗaliban da ke son fara gwaji su ciro ɗan ƙoƙon da ke cikin tsohuwar rakoda ko abin sa wa a kunne. Irin wannan ƙoƙo, wanda Gerhard Sessler da James West suka ƙirƙiro a 1962, yana ɗauke da cajinsa na dindindin, ƙaramin batir ya ishe shi, ilimin kuwa ɗaya ne.

Hunturu Ya Shuka, Damina Ta Girbe

Yanayin ƙasar Katsina da Maraɗi yana da wata hanya ta musamman ta lalata irin wannan makirfo. A hunturu iska a bushe take, caji ba ya zurarewa, makirfo yakan yi aiki lafiya. Amma iskar cike take da ƙura mai laushi, tantani mai caji kuwa janyo ta yake yi, kamar yadda biron roba da aka goga a gashi yake ɗaukar gutsattsarin takarda. Ƙurar takan kwanta a hankali ba tare da an ji wani canji ba. Idan damina ta kankama, musamman a watan Agusta, sai ƙurar ta sha laima ta zama gada tsakanin tantani da jikin ƙoƙo, caji ya sami hanyar gudu. Daga nan sai a fara jin ƙara kamar ana suya, ko murya ta ɗauke ta dawo. Mai makirfo yakan ɗora wa damina laifi, alhali tun a hunturu cutar ta shiga.

Akwai gwaji mai sauƙi. A matso kusa da ragar kai a saki numfashi mai ɗumi a hankali, kamar mai son goge madubi. Ƙoƙo mai tsabta ba zai damu ba. Mai datti kuwa zai yi ƙara ko ya yi shiru na ɗan lokaci, har danshin ya bushe. Maganin farko shi ne a sa makirfon cikin rufaffen mazubi tare da ƙunshin ƙwayoyin silika, irin waɗanda ake samu a kwalin sabon takalmi, ya kwana biyu. Kada a goge tantani da tsumma ko auduga, domin zinariyar za ta bi su. Wankinsa aikin gwani ne. Rigakafi kuwa shi ne a rufe makirfo da zarar an gama aiki, a kuma sa 'yar ragar yadi tsakaninsa da bakin mai waƙa.

Gano Cuta Daki-daki

A ƙaddara wani mai gyara ya gama haɗa nasa, ya kunna, ya jira mintuna kaɗan bawul ya yi ɗumi. Kowace irin ƙara ya ji, tana nuna masa inda zai duba. Ƙa'idar ita ce a fara daga akwatin wuta a gangaro zuwa ƙoƙo, a canza abu ɗaya kawai a lokaci guda, a kuma rubuta kowane awo.

Idan shiru ya ji, ya duba fis, ya leƙa ko zaren bawul ya yi ja, sannan ya auna babbar wuta da kowane bakin kebul. A nan akwai tarkon da ke kama mutane da yawa. Mitar zamani tana da juriyar om miliyan 10 a cikinta. Idan aka auna wutar ƙoƙo bayan rasista mai om miliyan 100, mitar za ta janye kusan duka, ta nuna wajen bolt 5.5 maimakon 60. Wanda bai san wannan ba sai ya yi ta canza kayan da lafiyarsu ƙalau. Kafin rasistar ake awo.

Idan gurnani mai kauri ya ji, to wutar gari ce ta shigo. A Nijeriya da Nijar duka wutar gari tana kai da komowa sau 50 a daƙiƙa, gurnanin ma haka. Idan yana raguwa ko ƙaruwa sa'ad da aka taɓa jikin makirfo, rigar ƙarfe ba ta haɗu da wayar ƙasa ba. Idan yana raguwa sa'ad da aka nisanta makirfo da akwatin wuta ko sitabilaiza, maganaɗisun babbar taransifoma ne ke shiga ƙaramar. Idan kuwa gurnanin ya fi siriri, wato ninki biyu, haz 100, kuma matsawa ba ta canza shi, to tacewa ce ta gaza: kwandansar akwatin wuta ta yi ƙanƙanta ko ta bushe, abin da zafin bazara ke gaggautawa. Ƙaramin janareto yakan ƙara dagula lamarin, domin ƙarfin wutarsa hawa da sauka yake yi, zaren bawul kuwa ba ya son a wuce masa ƙa'ida.

Idan huci ne ko ƙarar suya, masu laifi uku ne: ƙoƙo, ko mahaɗar raga, ko bawul kansa. Ana raba gardama da gwaji ɗaya. A kashe wuta, a zubar da caji, a cire wayar ƙoƙo, a sa ƙaramar kwandansa mai fikofarad 68 a madadinsa. In ƙarar ta ɓace, ƙoƙo ne. In tana nan, a sake wanke mahaɗar a busar da ita. In har yanzu ba ta tafi ba, a canza bawul. Bawul da ya yi aiki lafiya a tsohuwar rediyo yana iya yin huci a makirfo, domin a nan saƙon ya fi rauni nesa ba kusa ba, shi ya sa masu haɗawa sukan gwada da yawa kafin su zaɓi ɗaya.

Idan an ƙwanƙwasa jikin makirfo da farce aka ji amo kamar na ƙararrawa yana ja, ƙarafan cikin bawul ne ke rawa, sai a gyara masa mazauni ko a canza shi. Idan murya ta fito siririya ba kauri, a koma kan lissafin rasista: ko an sa ƙarama bisa kuskure, ko datti ya rage ta. Idan kuma muryar wata tashar rediyo ce ta kutso, ko ƙarar da wayar hannu ke yi gab da shigowar kira, to kebul ya zama eriya. Sai a duba rigarsa a bakunan biyu, a kuma fitar da wayoyin hannu daga ɗakin.

Kammalawa

Wanda ya haɗa makirfo mai bawul ya bi ta kan darussan kimiyyar lantarki da yawa a aiki ɗaya: caji da kwandansa, dokar Om, tafiyar ilektoron a wurin da babu iska, aikin taransifoma, da kaɗawar sauti. Ya kuma koyi ɗabi'ar da ta fi kowane kayan aiki amfani, wato sauraron ƙara a gane asalinta kafin a ɗauki ƙarfen dalma. A ƙasa irin ta Jibiya, inda akwai tsofaffin makaɗa da masu tarihin baka da malamai waɗanda ba a ɗauki muryoyinsu ba, makirfo mai tsabtar sauti da mai gyaran da ya san cutarsa suna da aikin yi. Tsoho idan ya zauna ba da labari sau ɗaya, ba lalle ne a sami zama na biyu ba.

Tambayoyi Don Nazari

1. Ƙoƙo mai fikofarad 50 da aka ɗora wa bolt 60, caji nawa yake riƙe da shi?
2. Me ya sa makirfon da ya yi aiki lafiya a watan Janairu zai iya fara ƙara a watan Agusta?
3. Mita mai juriyar om miliyan 10 za ta nuna bolt nawa idan aka auna bolt 60 bayan rasista mai om miliyan 200?
4. Ta yaya za a bambanta gurnanin haz 50 da na haz 100, kuma ina kowanne yake nuna a duba?
5. A kawo matakai uku da dole a ɗauka kafin a sa hannu cikin akwatin wuta.